Layin da Ramatu Ta Ƙi Cikawa

Tun da bazarar 1986 ta shigo, Barmo bai ƙara cin tuwon rana da zafinsa ba. Shi kaɗai ne likita a ƙaramin dispanser ɗin da ke kan hanyar Karofane, kuma an turo sabuwar doka daga sama saboda sanƙarau. Allurar cutar tana cikin wani armuwar, wato kabad na ƙarfe, an ɗaure ƙofarsa da waya da dalma. Ba a tsinke wayar sai an cika fishi, takardar bayani, kwafi uku da karbon: sunan maras lafiya, sunan ubansa, garinsu, sannan tampo, wato hatimi.

Ran nan wani mai bincike daga Buza, da ake ce wa Mushe Halidu irin kiran Faransanci, yana zaune a biro, ɗan ofishin dispanser ɗin, yana juya takardun Barmo ɗaya bayan ɗaya, sai ga wata Bafillata bisa jaki da yaro a gabanta. Yaron bai wuce shekara shida ba. Wuyansa ya sandare, kansa ya karkata baya, jikinsa zafi kamar dutsen rana.

Barmo ya kwantar da shi kan benci, ya gwada lanƙwasa wuyan. Yaron ya yi ƙara. Barmo ya jawo fishi da bik na rubutu.

"Baiwar Allah, mi sunanki?"

"Ramatu."

"Shi fa?"

Ta dubi bango.

"Sunan yaron nika tambaya."

"Wanga dai," ta ce, muryarta can ƙasa. "Ka ba shi magani, likita."

Barmo ya aje bik. Ya gane. Ɗan fari ne, kuma a wajen mutanenta uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle na mijinta. Layi biyu ke nan babu abin rubutawa.

"Ina ubanai?"

"Yana daji da shanu, wajen Tabotaki."

"Ba wanda ya rako ki?"

Ta girgiza kai.

Mushe Halidu ya fito ya tsaya a ƙofa. "Ramatu, nan ba ruga ba ta. Faɗi a kunnena, ba mai ji."

Ta ja mayafi ta rufe baki. Hawaye na zuba, amma ko kallon yaron ba ta yi.

"Shef, bari in sa mishi kowane suna," in ji Barmo.

"A gabana? Watan jiya aka kori wani don sunayen ƙarya, allura goma sha biyu suka ƙare a kasuwa. Aika a kira wani nasu."

"Kwana guda zuwa, kwana guda dawowa."

"Ni ban rubuta dokar ba, Barmo."

Yaron ya fara karkarwa, dugadugansa na bugun benci. Barmo ya dubi armuwar, ya dubi Mushe Halidu. Shekara tara yana aikin nan, kuma bana ne ake cewa za a maida shi Madawa, inda ƴaƴansa za su samu lakkol, makarantar boko. Ya ɗauki almakashin da yake yanke bandeji da shi, ya tsinke wayar. Dalmar ta faɗi ƙasa ta gangara ƙarƙashin tebur.

"Riƙe mini ƙafafunai, shef."

Mushe Halidu ya naɗe hannun rigarsa ya riƙe. Barmo ya yi allurar, rabi a kowane ɗuwawu.

Bayan la'asar direban Mushe Halidu ya tada motarsu. Mushe Halidu ya miƙo wa Barmo wasu takardu masu launin ruwan hoda.

"Bayanin tsinke waya, kwafi huɗu. Ni ma sai na rubuta abin da na gani. Maganar Madawa, kada ka sa rai bana."

Barmo ya karɓa ya aje kan tebur.

Kwana biyu yana cika takardun tsakanin marasa lafiya. A rana ta uku da hantsi, yana kan shafi na ƙarshe, ya ji wata ƙaramar murya daga ɗakin kwanciya tana neman nono da Fillanci. Ya leƙa. Yaron ya juyo da wuyansa da kansa, Ramatu na riƙe masa ƙwarya, fuskarta a kauce.