Goma, Har da Nata

Hosiyat ta doki bayan motar da tafin hannu, ɗanta Ravshan da ke kwance a ƙarƙashi yana gyara ya fito da baƙin mai har goshi.

"Tashi ka je ƙauye ka ɗauko 'ya'yan Tursunoy."

Ya ce fasinja biyu na jiransa a kasuwar Margilan. Ta ce su jira har su yi furfura. Ya fara cewa ai tsohuwar da ke riƙe da yaran ba ta sakin su sai da izinin ubansu, shi kuwa yana Rasha, ba ya ɗaga waya.

"Ka ce mata uwarsu ba za ta kai la'asar ba. In ta hana, ka ɗauko har da ita."

Ya dubi fuskarta, ya shiga mota bai ko wanke hannu ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin Hosiyat da Tursunoy. Tursunoy renon yara take yi a gidanta, da takardar izini ta yara goma a rataye a bango. Rabin mazan unguwar suna Rasha, matan suna masaƙa, saboda haka gurbi a gidan nan ba ya kwana. A bazarar da ta wuce Hosiyat ta kai jikanta. Tursunoy ta zuba mata shayi, ta karya mata burodi, sannan ta ce ta yi haƙuri, gida ya cika. A bakin ƙofa Hosiyat ta ƙirga takalma, ta samu na yara sha biyu. Wato tagwayen matar gidan, Fotima da Zuhra, ba yara ba ne, tumaki ne? Ta koma gida tana huci, ta rubuta wa ofishin hukuma wasiƙar ƙorafi, ba ta sa suna ba.

Mai dubawa ta zo da jaka da biro. A unguwar da ko kaka ba ta ƙirga jikokinta a fili don tsoron baki, matar nan ta jera yara a jikin bango tana taɓa kan kowa da biro. Ta ce doka ba ta san na gida da na waje ba, duk yaron da bai isa makaranta ba lissafi ne. A rage biyu, ko a karɓe takarda.

Hosiyat ta zuba ido ta ga 'yar wa za a kora. Ba a kori kowa ba. Tursunoy ta duba ta ga duk wadda aka mayar wa ɗa aikinta ya tafi, sai ta haɗa kayan tagwayenta, 'yan shekara huɗu, ta kai wa surukarta a ƙauye. Jikan Hosiyat bai samu gurbi ba, ba wanda ya ci riba. Da farko Tursunoy kan je duk Lahadi. Da ciwon ciki ya kama ta, motar haya ta gagare ta. Wata biyar rabonta da su.

Hosiyat ta tura ƙofar maƙwabciyarta. Mavluda, yayar Tursunoy, tana tsakar gida tana ba yara shinkafa da karas. Tursunoy na ɗakin ciki, ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa. Hosiyat ta faɗa mata an tafi ɗauko 'yan matanta.

"Goma ne a gidan, hola," in ji Tursunoy, muryar da ƙyar; hola, wato inna, take kiran Hosiyat. "In matar nan ta faɗo, ta karɓe takardar, ina uwayensu za su kai su?"

Ran Hosiyat ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci ba. Mace na kan gargara tana lissafin kawuna. Ta zagi mai biro, ta zagi wanda ya zauna a kujera ya rubuta dokar, ta zagi mijin da ya san aiko da hoton dusar ƙanƙara amma bai san hanyar gida ba. Mutum ɗaya ta tsallake, kuma ta san ko wace ce. Ta fita tsakar gida, ta saɓi yaro ɗaya a kafaɗa, ta ja wata da cokali a hannu, ta kai su gidanta ta damƙa wa matar ɗanta. Ta dawo tana haki.

"Takwas. Yanzu kuma sai me?"

Tursunoy ta yi ɗan murmushi. Ta ce ranar nan mai dubawa ta ajiye wasiƙar a kan tebur tana shan shayi.

"Rubutunki ne, hola. Irin na jikin kwalaben tumatirinki."

Wata bakwai Tursunoy tana miƙo wa Hosiyat burodi mai zafi ta kan katanga, tana gaishe ta da ciwon gwiwa, ashe ta sani. Da zaginta ta yi da ya fi sauƙi. Hosiyat ta zauna a ƙasa ta riƙe mata ƙafa, kunya da haushi suna cin ta, idonta na kan ƙofa. Duk ƙarar motar da ta wuce sai Tursunoy ta buɗe ido.

Ta cika bayan azahar kaɗan. Mavluda ta ɗaure mata haɓa, ta lulluɓe ta, aka kwashe sauran yaran zuwa maƙwabta. Ba a fi rabin awa ba motar Ravshan ta tsaya a ƙofa.

Tagwayen suka shigo da gudu, an aske musu kai, sun yi baƙi da rana. A bakin ɗaki suka tsaya cak. Labule a sake, uwarsu a kwance da rana tsaka. Hosiyat ta taso za ta tare su, kuka ya ƙwace mata.

Zuhra ta ɗora yatsa a leɓe, ta dubi Hosiyat, wadda suke kira buvi, wato kaka.

"Buvi, a hankali. Lokacin barci ne."

Suka taka a kan yatsu, ɗaya ta bi dama ɗaya hagu, suka kwanta a jikin uwarsu suka rufe ido.