Saura Mutum Biyu a Cika Talatin

Shekara goma sha ɗaya Beryl Attwater ta yi tana sakatariyar ƙungiyar wasan kuroke ta ƙasa, wasan da ake buga ƙwallo da guduma a kan ciyawa, kuma ukun ƙarshe ba da son ranta ba. Da farko shekara biyu aka roƙe ta ta riƙe kafin a samu wani. A lokacin ba ta daɗe da barin aikin asibiti ba, hannunta ba ya rawa, in ta ɗora gudumar katako a kan ƙwallo sai ya ratsa 'yar ƙofar ƙarfen da ake kafawa a fili bai taɓa gefe ba. Yanzu kuwa rabonta da shiga gasa har ta manta. Aikinta wasiƙu, jadawalin wasanni, da sauraron ƙorafin tsofaffi a waya a kan tsawon ciyawa.

Abin da ya ɗaure ta shi ne kundin dokokin ƙungiyar. Ba a zaɓen sabon sakatare sai a babban taron shekara, taron kuma ba ya zama taro sai da mambobi talatin a cikin ɗaki. Shekarar da ta fara neman sauka ba wanda ya yarda ya tsaya. Bara waccan mutum ashirin da huɗu suka zo. Bara ruwa ya cinye layin dogo, aka tashi da goma sha tara. Bana Beryl ta rantse ba za ta sake kwana da wannan kaya ba. Ta rubuta wasiƙu da hannunta, ta buga waya har kunnenta ya yi zafi, ta yi alkawarin abincin rana kyauta. Ta kuma samo magajiya, Fenella Rudd, wata tsohuwar shugabar makaranta mai kuzari wadda ba ta taɓa halartar taron ba, don haka ba ta san abin tsoro ba.

Aka sa taron ranar wata Asabar ta Oktoba, a zauren wani kulob da ke yammacin Ingila. Mako uku ana tafka ruwa, sai ranar nan gari ya waye tas, rana ta fito. Tun daga mota Beryl ta san akwai matsala.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta ƙirga kawuna. Ashirin da takwas. Ta sake ƙirgawa har da kanta da shugaba, bai canza ba.

Shugaban, Dakta Lionel Threlfall, mutum ne mai sanyin hali wanda kunnensa na hagu ke daina ji duk lokacin da rigima ta taso. Ya ce, “Mu ɗan jira, Beryl. Wataƙila suna hanya.”

“Ba wata hanya, Lionel. Ga su can.”

Ta nuna taga. Can a fili na uku wasu mambobi biyu cikin fararen kaya suna buga wasan da ruwa ya hana su tun watan jiya. Ɗaya yana tsaye da guduma, ɗaya yana zaune a benci yana jiran bugu ya zo kansa.

Ta fita ta same su. Na bencin bai ba ta wahala ba, don minti arba'in ke nan bai taɓa ƙwallo ba, sanyi ma ya fara shigarsa. Da ta ambaci shayi sai ya miƙe. Na tsayen ne matsala. Hugh Carbery sunansa, ya riga ya wuce ƙofa bakwai a jere ba kuskure, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

“Hugh, don Allah minti ashirin kawai.”

Ko ɗago kai bai yi ba. “Beryl, ko gobara ce ta tashi ki jira in gama.”

“Yaushe za ka gama?”

“In kin daina magana, awa ɗaya.”

A wasan nan ba a taka fili mai bugu yana bugu. Beryl ta san haka, ita ta buga takardar ladubban da aka manna a kowane kulob. Ta tsaya ta dubi agogo, ta dubi zauren, sai ta taka ciyawar da takalmin ofis. Ta ciro 'yar alamar roba ta kafa a gurbin jan ƙwallonsa, ta ɗauke ƙwallon ta jefa a jakarta, ta juya.

“Ke! Kin haukace ne?”

“Yana nan lafiya. In kana so, yana teburin sakatariya.”

Haka Hugh ya biyo ta har cikin zaure da gudumarsa a hannu, fuska ja wur, yana faɗin abin da ba a rubutawa. Ya zauna a layin gaba yana harararta. Talatin cif. Dakta Threlfall ya buɗe taro.

Bai gama gaisuwa ba hannu ya tashi a layi na biyu. Beryl ba ta buƙatar dubawa. Mista Cedric Blenkin ne, tsohon ma'aikacin ofishin rajistar filaye, wanda ke zuwa kowane taro da kundin dokoki a leda, an ja layi a ƙarƙashin kusan kowace jimla.

“Shugaba, ranka ya daɗe, ajanda ta ce a amince da bayanin taron bara. To ai bara ba a yi taro ba. Mutane dai sun taru sun sha shayi.”

“To sai mu tsallake...”

“Ba a tsallakewa. Sai a koma na ƙarshe da aka yi bisa doka, na shekara uku da suka wuce. Kuma a shafi na huɗu an rubuta wai na ‘yi ƙorafi’. Ban yi ƙorafi ba. Jan hankali na yi.”

Aka ci minti ashirin da biyar a kan wannan. Zaɓen sakatare shi ne abu na tara a ajanda, ga shi ba a bar na ɗaya ba. Beryl ta gyara kalmar da biro, ta danna har takardar ta huje.

Abu na huɗu a ajandar ya fi muni. Wani kulob na arewa ya kawo ƙuduri a fayyace ko riga mai ruwan madara tana cikin fararen kayan da doka ta ce a sa a gasa. Wata ta ce fari fari ne. Wani ya cire suwaitarsa ya ɗaga, ya ce matarsa ce ta saƙa, kuma fara ce tas kafin a wanke ta sau ɗari. Blenkin ya nemi a kafa kwamiti. Aka yi gardama a kan ko mutum uku ko biyar. Beryl ta saci kallon Fenella, ta ga ta daina murmushi, ta ajiye littafin da ta zo da shi don rubutu.

Ana cikin haka wata tsohuwa mai suna Miss Pym, mai shekara tamanin da shida, ta ja hannun rigar Beryl ta ce, “'Yar nan, jirgina ƙarfe uku da minti goma ne. In na rasa shi, ba mai ba kyanwata abinci.”

In ta fita, an koma ashirin da tara. Beryl ta matsa kusa da shugaba ta raɗa masa a kawo abu na tara gaba. Ashe a kunnen hagu ta yi maganar. Ta zagaya ta maimaita a na dama, da ɗan ƙarfi, sai Blenkin ya ji.

“Sauya jerin ajanda sai da sanarwar kwana goma sha huɗu, ranka ya daɗe. Sashe na shida.”

Aka tashi cin abinci. Beryl ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai gadi, kada wani ya sulale fili. Burodi da kokwamba ne da miyar kabewa, ko loma ba ta kai baki ba. A nan Fenella ta same ta, tana murza yatsu.

“Beryl, ki yafe ni. Na yi shekara ashirin da yara ɗari shida da iyayensu, amma wannan... ba zan iya ba.”

“Fenella, sau ɗaya ne fa a shekara.”

“Mutumin nan mai kundin dokoki yana da lambar wayar sakatariya?”

Beryl ba ta iya ƙarya ba. Ta gyaɗa kai.

“To kin gani,” in ji Fenella. “Zan zauna a cika muku adadi, amma ki cire sunana.”

Beryl ta shiga banɗaki ta kulle, ta buɗe famfo, ta faɗa wa madubi wasu kalmomi da ta koya a ɗakin tiyata. Sannan ta wanke fuska ta fito.

Uku saura kwata aka iso abu na tara. Miss Pym ta riga ta sa hula, jakarta a cinya. Dakta Threlfall ya share murya ya ce abin takaici 'yar takara ta janye, don haka yana ganin kowa zai so a roƙi Beryl tasu mai haƙuri ta ƙara shekara ɗaya tak. Aka fara tafi.

Beryl ta miƙe. “Ku dakata da tafin. Mista Blenkin, ara mini kundinka.”

Ya miƙa mata cikin mamaki. Ta buɗe.

“Sashe na goma sha huɗu. In babu ɗan takara, kowane mamba yana iya kawo suna nan take a cikin ɗaki. Haka ne?”

“Haka ne. Ai ni na tsara sashen.”

“Madalla. Na kawo sunan Mista Cedric Blenkin.”

Sai Hugh Carbery ya ɗaga gudumarsa sama ya ce, “Na goyi baya! Ko wa za a zaɓa a zaɓa, a ba ni ƙwallona.”

Blenkin ya tashi yana gyara tabarau. “Shugaba, ni ai... ban shirya ba. Aikina jan hankali ne.”

“Shekara goma sha ɗaya kana gaya mini yadda ake yi, Cedric,” in ji Beryl. “Wasiƙunka kaɗai sun cika akwati biyu. Ko dai ka iya, ko kuwa baki ne kawai. Ga biro.”

Ta ajiye biron a gabansa. Ya dube shi, ya dubi mutane, kowa ya zuba masa ido, har waɗanda ya taɓa mayar wa takardar shiga gasa saboda sun sa hannu da shuɗiyar tawada. Ya laluba kundin ko zai samu mafita, amma shi ya toshe duk ƙofofin da hannunsa. Ya ja dogon numfashi.

“In ƙungiya ta ga dama a yi abubuwa bisa ƙa'ida a karo na farko, ba zan ƙi ba.”

Hannu ashirin da tara suka tashi. Shi kaɗai bai ɗaga ba, ya ce bai dace ba. Miss Pym ta sauke nata ta nufi ƙofa, Hugh ya zaro ƙwallonsa daga jakar Beryl ba ko sallama. Daga baya aka ji bugun farko da ya yi ya kuskure ƙofa ta takwas, kuma har Kirsimeti bai amsa gaisuwarta ba.

Ranar Talata Beryl ta loda kwalaye goma sha bakwai a mota, sawu biyu, ta kai gidan Blenkin. Matarsa Moira ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi kwalayen, ta dubi Beryl.

“Ke ce kika yi mana wannan aikin?”

“Ni ce.”

Moira ta kama hannunta da hannu biyu. “Allah ya saka miki da alheri, 'yar'uwa. Tun da ya yi ritaya yake bina kicin yana gyara mini yadda nake jera cokula. Shigo ki sha shayi.”

Ba ta kai ga zama ba Blenkin ya sauko daga bene da takarda mai shafi uku. Ya ce miƙa aiki ba ya inganta sai an bi kowane fayil ɗaya bayan ɗaya a gaban tsohuwar sakatariya, an sa hannu. Ya lissafa, in tana zuwa kowace Alhamis da ƙarfe goma, za su gama kafin Maris.

Beryl ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta zo ba. Moira ta dube ta da idon roƙo, ta tura mata farantin kek. Alhamis biyu ta zo, saboda Moira. A ta uku ta cire wayar gidanta daga bango tun da safe.