Kujerar Matuƙi

Wajen ƙarfe ɗayan dare Mai Agogo ya ji ƙarar ta bango, fat-fat-fat, kamar ana kaɗe ƙaton bargo. Sai wata tsuwwa, sai dum. Shekara arba'in yana sauraron cikin agogo, bai taɓa jin inji mai kuka haka ba. Ya lalubi takalmi ya nufi ɗakin surukinsa.

Tun da jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi da su biyu, ɗansa matuƙi ya ƙone, mijin 'yarsa makanike ya fito da ƙafarsa, tsohon bai ƙara amsa gaisuwar surukin ba. Albarkacin 'yar kawai ya bar shi a gidan.

Ya tura ƙofa babu sallama. Surukin na zaune gaban talabijin da abin dannawa na wasan bidiyo a hannu, jirgi na ci da wuta a allon.

"Mutuwar ɗana ce ka mayar wasan yara?"

"Baba, ba wasa nake ba."

"Wa ye babanka? Gari na wayewa ka kwashe tsummokaranka. Matarka tana dawowa daga aikin asibiti zan gaya mata. Ka tsere ka bar ɗana, yanzu kana ƙona shi kullum a gidana!"

Surukin bai ɗago ba. "An yi jirgin nan daidai da na gaske. Ba a tsalle, farfela za ta raba mutum biyu. Sai ta tsaya, ka ja jan hannun nan ƙofa ta faɗi, ka kwance bel. Nasa ya cije. Kwana sittin ina gwada ciro shi."

"Ƙarya fure take. Da ka so, da ka iya."

"To zauna a kujerarsa."

Ya miƙo abin dannawa na biyu. Tsohon ya karɓa don ya ƙure shi, ko da yake hannunsa ya so sanin abin da ke cikinsa. Jirgi ya tashi. Ga agogo fiye da goma a gaban matuƙi, kowane da allurarsa na rawa, har ya shagala da kallo. Sai wutsiya ta tsinke, ƙasa ta juyo sama.

Ya danna inda aka nuna masa, bel bai buɗe ba. Ya sake dannawa. Hayaƙi ya cika gilashi. Ga mutumin da surukin ke sarrafawa a allon a gefensa, ƙofarsa a buɗe, amma ya juyo yana jan bel ɗin matuƙi.

"Me kake jira?" in ji tsohon. "Wutar ta iso tanki!"

Surukin ya ci gaba da ja.

"Ka fita mana, sakarai! Kana da mata! Fita!"

Allon ya yi ja, ya yi baƙi. Surukin ya ajiye abin dannawa a hankali.

"Haka ɗanka ya ce ranar. Har da sakaran."

Mai Agogo ya dubi babban yatsansa, har yanzu yana kan maɓallin.

Aka ƙwanƙwasa taga. Maƙwabcinsu tela ne, da tocila a hannu.

"Jama'a, lafiya? Wa ke kuka a cikinku?"