Malam Sori da Gyalen Surukarsa

Mai askin nan na bakin titi, Turancinsa duka-duka kalma ɗaya ce, sori, amma ya ɗora mata aiki kamar jakin haya. In ya yanki kunnenka, sori. In yana so ka ɗaga haɓa, sori. Bai ji abin da ka ce ba, sori? Ko tsiya zai yi maka, da ita yake share fage: "Sori fa, amma ƙeyar nan taka aikin mutum biyu ce." Har gidan rasuwa ya taɓa shiga ya ce sori, ya fito yana jin ya yi ta'aziyya. Tuni sunansa na yanka ya ɓace, kowa Malam Sori yake ce masa. Shi kuwa yana son kalmar ne don ba ta sa mutum sunkuyar da kai, jefa ta kake yi ka wuce.

Rannan ƙyallen da yake yafa wa masu zuwa aski ya yage. Ya leƙa gida, matarsa ta tafi kasuwa. Ya buɗe akwatinta, ya ga wani koɗaɗɗen gyale a can ƙasa, ya sa almakashi ya fafe masa wuya, ya koma shago abinsa.

Da la'asar matar ta biyo karɓar makulli. Me za ta gani? Gyalen marigayiya mahaifiyarta, abu ɗaya tak da ya rage mata na tsohuwar, a wuyan wani ƙaton direba, duk gashi da kumfa.

"Na Inna ne," ta ce a hankali.

"Au! Sori," in ji gogan, ko dakatar da reza bai yi ba.

Da ya koma gida sai ya tarar da akwati a tsakar ɗaki, tana ninke kayanta tana zubawa. Ya san matar nan ba ta yajin wasa. Ya jero mata sori kala-kala: doguwa, gajera, mai marairaicewa, har da mai dafa ƙirji.

"Jiya a gabana ka faɗa wa akuya wannan kalmar," ta ce. "Faɗa min da harshen da ka tashi da shi. Me ka yi?"

Mutumin da ke wuni yana zuba kamar rediyo, sai ga shi yana tsinto kalmomi ɗaya-ɗaya.

"Na ɗauki gyalen Inna."

"Sai?"

"Na yanka shi."

"Sai?"

"Na yafa wa ƙato."

Yana faɗa yana jin munin abin a kunnensa. Ya tuna tsohuwar zaune a bakin ƙofa cikin gyalen, tana tare masa faɗa ko da shi ne marar gaskiya. Kunya ta rufe shi, hawaye suka zubo masa shar, ƙato da gemunsa.

"Maman yara, na cuce ki. Ki yafe min."

Ta dube shi, da riga a hannunta.

"Ban yafe ba tukuna," ta ce tana jan hanci. "Matsa, ka tare min durowa."

Ya matsa. Ta buɗe durowar, ta mayar da rigar ciki.