Ja da Fara

Likita ta juyo masa da takardar gwajin, ta ɗora biro a kan lambar.

"Takwas da ɗigo biyu. Watan jiya takwas da ɗigo ɗaya. Ba zan shiga da ita tiyata da wannan jinin ba."

Karo na uku ke nan ana ɗage aikin gwiwar mahaifiyarsa. Wata biyar rabonta da taka ƙasa.

Ya dubi ƙanwarsa, wadda ta rufe shagon ɗinkinta ta koma jinya. "Kin ce kullum tana shan maganin."

"Tana sha, Yaya."

"Ko dai wayarki kike ba wa?"

"Ku bari mana, a gaban mutane," in ji Mama daga kan keken marasa lafiya.

Likita ta ce a nuna mata maganin. Ƙanwar ta ciro akwatin roba mai gida bakwai, kowace rana da gidanta. Yayan ne ya saye shi, shi yake cika shi duk Lahadi. Shekara sha biyu yana kula da sito, bai taɓa ajiye abu inda ba wurinsa ba. Kowane gida ƙwaya biyu: ƙaramar ja, babbar fara.

"Jar ni na rubuta. Farar fa?"

"Ta ƙarfin ƙashi ce. Ni na ƙara. Na ga ciwon gwiwa ne," in ji shi.

"Tare take haɗiye su?"

"Tare, da shayi mai madara," in ji ƙanwar, idonta a kan tebur. "Yaya ya ce a yi sau ɗaya a huta."

Likita ta rufe akwatin. "Jar ce ke ƙara jini. Farar nan da shayin suna tare mata hanya a ciki, kaɗan jiki ke samu. A ba ta jar da ruwa ko lemu, shayi sai bayan awa biyu. Farar a ajiye tukuna. Ku dawo bayan sati shida."

A baranda ya tsayar da keken, ya zauna a benci, ya shiga tsince fararen ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a aljihun riga. Ta Alhamis ta maƙale, sai da ya sa farce.

"Sati shida," in ji Mama, tana kallon ƙafafunta. "To."

Ƙanwar ta miƙo hannu.

Ya ɗan jima yana riƙe da akwatin, sannan ya ba ta.