An Karanta Mana

Shekara biyu Babayo ya yi a wani babban ofishin lauyoyi a Abuja, ba abin da ya ƙware a kai sai injin fotokwafi da ɗaukar wa manya jaka zuwa kotu. A takarda lauya ne, amma in ka gan shi yana hawa da sauka da fayil sai ka rantse masinja ne aka ɗinka wa kwat. Don haka ranar da Barista Kashim, mai ofishin, ya kira shi ya ce an sa shi cikin aikin da ya fi kowanne girma a shekarar nan ta 2006, saura kaɗan ya durƙusa a kan kafet.

Wani kamfanin shinkafa ne zai karɓi fadama a bakin kogi, can wajen Gadau. Takardar fili ta riga ta fito. Abin da ya rage, bankin da ke bayan kamfanin ya ce sai ya ga yardar mazauna wurin a rubuce.

"Kai ɗan Azare ne, ko? Kana jin Fulatanci?" in ji Barista Kashim.

"Ina ji, yallaɓai."

"To ka shirya, jibi za mu tafi."

Babayo bawan Allah, shi a zatonsa ƙwazonsa aka hango. Sai da ya buɗe fayil ya ga sunan da ke saman jerin waɗanda za su dangwala yatsa: Arɗo Gidaɗo. Baffansa ne, ƙanin mahaifinsa. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar uban, shi ya ƙwace sandar kiwo daga hannunsa ya kai shi makaranta Azare, lokacin da duk ruga ke cewa Gidaɗo ya zautu.

A mota ya zauna wa yarjejeniyar da kyau. Da ya zo shafi na goma sha huɗu sai gabansa ya faɗi. Burtalin da shanun ruga ke bi zuwa kogi ya faɗa cikin filin kamfani, kuma duk wanda ya dangwala ya yafe bin sa har abada. Babayo ya san hanyar nan da tafin ƙafarsa. Ya kuma san in rani ya tsananta babu wani ruwa a yankin sai na kogin. Sun wuce Misau ya yi ta maza ya faɗa wa maigidansa.

Barista Kashim ko ɗagowa daga jarida bai yi ba. "Wanda bai iya karatu ba, doka ta ce a karanta masa da harshensa, mai karantawa ya sa hannu a ƙasa cewa ya karanta kuma an fahimta. Aikinka ke nan. In sun ji sun ƙi, ruwansu."

Hankalin Babayo ya ɗan kwanta. Ai da sauƙi. Zai karanta a tsanake, in ya zo shafin nan ya ɗaga murya, ya maimaita sau biyu.

Washegari da hantsi suka isa ruga. An shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, magidanta ashirin da uku sun zauna, mata sun aiko da kindirmo a ƙorai sababbi. Baffa Gidaɗo bai kalli ɗan nasa ido da ido ba, kunya ba za ta bar shi ba. Amma sau uku yana gyara zaman hularsa, kuma duk wanda ya san shi ya san murna ce ke cin sa.

Bayan gaishe-gaishe Babayo ya buɗe takarda ya fara. Bai gama layi na biyu ba tsohon ya ɗaga hannu.

"Me kake yi haka, Babayo?"

"Karanta muku zan yi, Baffa."

"A gaban baƙi? Su koma birni su ce Gidaɗo bai yarda da ɗansa ba? Da su kaɗai suka zo da ita, sai mu ce a karanta. Kai ka kawo ta. Miƙo tawadar."

"Baffa, akwai maganar burtali a ciki..."

Ya faɗa, gaskiya ya faɗa. Amma da wace murya? Da muryar yaron da tun tasowarsa bai taɓa mayar wa Baffa magana ba, balle a cikin taro. Ko na kusa da shi bai ji ba. Tsohon ya riga ya miƙo babban yatsa, Barista Kashim kuma yana duba agogo. Abu kaɗan ake bukata, ya miƙe tsaye ya ce a'a, sai an ji. Bai miƙe ba. Yana riƙe da akwatin tawada mutum ashirin da uku suka dangwala ɗaya bayan ɗaya, kowa na sa masa albarka. Daga ƙarshe ya zaro biro ya sa hannu a ƙasa, cewa ya karanta musu duka sun kuma fahimta.

A Abuja aka yi ta yaba masa. An ce aikin da ake tsoron zai ci wata uku ya ƙare kafin azahar. Aka ba shi tebur nasa na kansa, aka fara kiran sa taro da manya. Shi kuwa kullum yana rarrashin zuciyarsa cewa kamfani zai bar 'yar hanya, ai su ma mutane ne. Bayan damina ya ji an ja waya mai ƙaya tun daga bakin titi har kogi. Ƙaramar Salla bai je gida ba, Babba ma haka, ya ce aiki ne ya riƙe shi. Tsoro ne, kuma ya sani.

Sai cikin bazara, da aka ce mahaifiyarsa Inna Saliha ba ta jin daɗi, dole ta kai shi Azare. Ya same ta a tsakar gida tana tsince wake, ta fi yadda aka kwatanta masa sauƙi. Ta bari ya ci abinci tukuna.

"Baffanka ya tashi," ta ce. "Duk rugar. Sati uku ke nan. Shanu sun yi ta faɗuwa a hanyar neman ruwa."

Babayo ya sunkuyar da kai.

"Kafin su tafi sun zo nan garin, wajen wani tsohon lauya a bayan kasuwa. Ya duba takardar, ya yi musu tambaya ɗaya: an karanta muku? Ya ce in ba a karanta ba, su je kotu su rantse, akwai yiwuwar a rushe ta a buɗe musu hanya. Amma ya ce su sani, wanda ya sa hannu a ƙasa ya yi shaidar ƙarya, za a iya tuɓe masa rigar lauya, ba zai ƙara aikin ba."

Babayo ya ce, "Me Baffa ya ce, Inna?"

"Duk suka zuba masa ido. Ya ce, 'An karanta mana, tun daga farko har ƙarshe. Ni ne ban saurara ba.' Mutumin da ko a ciniki ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Sauran ma ba wanda ya musa."

Kuka ya zo wa Babayo, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka binne mahaifinsa. Baƙin ciki da kunya suka haɗu suka danne shi, har ya gwammace a ce tsohon tsine masa ya yi. Inna ba ta rarrashe shi ba, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Da ya samu numfashi ya ce, "Ina suka nufa? Gobe zan bi su."

"Na tambaye shi, ya ƙi faɗa. Ya ce in ka sani za ka bar aikinka ka biyo shi."