Tokar Rigunan Turai

"Tofa a nan in gani," in ji Zuhur, tana miƙa wa mijinta farin ƙyalle.

"Ke kuma yaushe kika zama likita, 'yar tsohuwa?" Mbarek ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari. Da ya ɗago, ƙyallen ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Tun yana saurayi yake hura wutar gidan wankan unguwarsu a Marrakesh, cikin wani rami a ƙarƙashin ginin. A da itacen zaitun yake ƙonawa. Da ƙamshinsa a jikin riga ya je neman aurenta. Yanzu itacen ya koma masaukan baƙi, inda Turawa ke jin ɗuminsa suna ɗaukar hoto. Abin da amalanke ke kawo masa shi ne ragowar yadin masana'antun da ke ɗinka wa Turai riguna. Yadin roba ne, narkewa yake yi, hayaƙinsa ya turnuƙe sama, ya turnuƙe ƙirji. Likita ya ce in bai bar ramin ba, ba zai ga hunturun baɗi ba.

Wani ɗan dako ya leƙo da tukunyar nama, yadda maƙwabta suka saba kawowa a binne musu a toka ta dahu. Mbarek ya kai ta wani lungu, inda yake tattalin 'yar wutar zaitun da ya tsinto reshe-reshe.

"Abin da zai shiga cikin mutane ba ya kwana a tokar roba," ya ce.

"Kai fa? Ba mutum ba ne?"

Ya nuna ɗan dakon da kai, ya ce, "In wutar nan ta mutu, masu famfon ruwan zafi ba za su ma sani ba. Irin wannan bawan Allah da me zai yi wankan Juma'a?"

Ta daɗe tana kallon bayansa, wanda ta sani tun yana miƙe kamar dabino. Sannan ta ja gyalenta ta ɗaure hanci, ta ɗauki shebur.

"Mace a ramin wuta? Unguwa za ta yi mini dariya, Zuhur!"

"Gara su yi maka dariya da su zo mini gaisuwa." Ta cusa yadi a wuta, idanunta na zubar da ruwa. "Daga yau rabawa za mu yi. Kai tukwane, ni hayaƙi."